Darasi na Goma Sha Huɗu: Ɗaukar Allon Zamiyar Ƙanƙara a Kan Rufin Mota

A ƙasashen da hunturu ke tsananta har dusar ƙanƙara ta lulluɓe duwatsu wata uku ko huɗu a jere, kamar tsaunukan Alps da suka ratsa Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya, ko tsaunukan Roki na Amurka da Kanada, akwai wani wasa da samari da 'yan mata, har ma da dattawan da gwiwarsu ba ta gaza ba, suka ɗauka da muhimmanci ƙwarai, shi ne mutum ya ɗaure ƙafafunsa biyu a kan allo guda, ya tsaya a karkace, ya sulalo daga kan tsauni zuwa gindinsa. Wasan ba daɗaɗɗe ba ne. A shekarar 1965 wani injiniya mai suna Sherman Poppen, mazaunin garin Muskegon a jihar Mishigan, ya haɗa katakan zamiya biyu na yara ya mai da su ɗaya domin 'ya'yansa mata su yi wasa. A 1977 Jake Burton Carpenter ya kafa masana'antar ƙera allunan a jihar Vermont. A 1998 kuwa aka shigar da wasan cikin gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta ƙasar Japan.

To, da yake galibin masu wasan mazauna birane ne, tsaunukan kuwa na nesa, tilas su shiga mota su yi tafiyar sa'o'i kafin su isa; kuma da yake motar takan cika da mutane da takalma da rigunan sanyi da guzuri, babu inda allon zai samu wuri sai a kan rufi. Yadda ake ɗora shi a can, ya je lafiya ya komo lafiya ba tare da ya cuci mai shi ko waninsa ba, shi ne mas'alar wannan darasi. Wani daga cikinku zai ce, mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, me ya haɗa mu da wannan? Amsa ita ce, allon nan ya tara sifofin da ke sa kaya su yaudari mai ɗaurinsu: ba shi da nauyi, yana da faɗi, yana da santsi. Wanda ya fahimci hukuncinsa ya fahimci hukuncin kowane kaya da ake ɗorawa a saman mota.

Siffar allon da kariyar da ke ɗaukarsa

Allon babban mutum yakan kai tsawon santimita 140 zuwa 165, faɗinsa a tsakiya kimanin santimita 25, bakinsa na gaba da na baya kuma sun ɗan lanƙwasa sama. Cikinsa katako ne, an lulluɓe shi da zaren gilashi, ƙasansa roba ce mai santsi wadda ake shafa wa kaki domin ta ƙara sulɓi, an kuma zagaye gefensa da siririn ƙarfe mai kaifi wanda yake cizon ƙanƙara in mai wasa zai juya ko zai tsaya. A bisansa akwai maɗauran ƙafa biyu da aka kafe da noti. Duka-duka, allo da maɗauransa ba su cika wuce kilo biyar ko shida ba, nauyin da ƙaramin yaro zai ɗauka ya yi gudu da shi.

Asalin kariyar mota sanduna biyu ne na ƙarfe ko alminiyam da ake gicciyewa a kan rufi, ɗaya gaba ɗaya baya. Yadda ake kafa su ya danganta da ƙirar motar: wata tana da dogayen ƙarafa biyu a gefen rufinta, sai a maƙala a jikinsu, wata tana da ramukan noti da masu ƙera ta suka ɓoye ƙarƙashin ɗan murfi, wata kuwa rufinta sumul yake, sai ƙafafun kariyar su kama bakin ƙofa. Kowace mota da irin ƙafafun da suka dace da ita, kuma aron na wata motar a tilasta wa taka, don kawai sun yi kama, shi ne farkon ɓarna. A kan sandunan ake ɗaura mariƙai biyu, kowanne mai leɓe biyu da aka yi wa shimfiɗar roba, ana buɗe shi a sa allo a rufe a kulle. Manyansu sukan ɗauki alluna huɗu. Kamfanin Thule na ƙasar Suwidin, wanda Erik Thulin ya kafa a ƙauyen Hillerstorp a 1942, yana cikin waɗanda suka daɗe a wannan sana'a. Akwai kuma akwatin rufi, dogo mai murfi, wanda ake zuba allunan a ciki a rufe. Akwai wani nau'in mai kama rufi da maganaɗisu, amma shi ba ya kama rufin alminiyam ko na gilashi, kuma ko a kan na ƙarfe, ƙura ko ɗan siririn ƙanƙara tsakaninsa da rufin yana raunana shi. Ni dai ban yaba da shi ba ga mai doguwar tafiya.

Haddin nauyi

Kowace mota masu ƙera ta sun rubuta a littafinta iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka tana tafe. A ƙananan motoci haddin yakan faɗa tsakanin kilo 50 da 100, kuma kilo 75 shi ne wanda aka fi cin karo da shi. Abin da mutane da yawa ke gafala da shi shi ne, nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. Ita ma kariyar tana da nata haddin a rubuce, kuma idan haddin mota da na kariya suka saɓa, da mafi ƙanƙanta ake aiki. Misali: sanduna kilo 5, mariƙai kilo 4, alluna huɗu kilo 20, jimla 29, wannan bai ko kusanci haddi ba. Amma mai akwatin rufi, wanda akwatin kaɗai zai iya kai kilo 15 ko 20, in ya ga fili a ciki ya shiga cusa takalma da jakunkuna da sarƙar taya, nan da nan zai ƙetare iyaka bai sani ba. Kaya masu nauyi wurinsu cikin but ne, ƙasa-ƙasa.

Iska

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan illar take. Wanda ya ɗora buhun siminti a saman mota yana jin tsoronsa, sai ya ɗaure shi tamau. Wanda ya ɗora allo mai kilo biyar kuwa yakan raina shi, ya ce ai wannan ɗan abu igiya ɗaya ta ishe shi, alhali kuwa nauyi ba shi ne abin da ke fizge kaya daga rufi ba. Ku jarraba wannan in kuna cikin mota, a inda babu hatsari: ku fitar da tafin hannu ta taga, ku shimfiɗa shi a kwance, sa'an nan ku ɗan ɗaga bakin yatsu sama. Nan take za ku ji iska ta cira hannun. Tafin hannu ke nan, balle allo mai tsawon mita ɗaya da rabi. Iskar da ta bugi gilashin gaba tana hawa sama ne, ta shiga ƙarƙashin duk abin da ta tarar a bakin rufi ta ɗaga shi, kamar dai yadda guguwar farkon damina ke shiga ƙarƙashin kwanon ɗaki ta yaye shi tun daga ƙusar da ta fi sako-sako.

Masana ilmin motsi sun tabbatar da ƙa'ida a kan wannan, ita ce ƙarfin turin iska yana ƙaruwa ne gwargwadon gudun in an ninka shi a kansa. Ma'ana, idan gudu ya ninka sau biyu, turin iska ya ninka sau huɗu. Idan ya ninka sau uku, turin ya ninka sau tara. Saboda haka ɗaurin da ya zauna lafiya mota na tafiyar kilomita 60 a sa'a cikin gari, da zarar an hau babbar hanya an kai 120, ana neman ya jure ninki huɗu na abin da ya jure a baya, kuma zaman lafiyarsa a cikin gari ba hujja ba ce a kan komai. Haka nan iskar da ke kaɗowa daga gaba ana tara ta ne da gudun motar: mai tafiyar kilomita 100 yana fuskantar iska mai gudun 30, kayansa na jin 130 ne, turin kuwa ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari. Masu ƙera kariya da dama, har da Thule, sukan rubuta kilomita 130 a matsayin iyakar gudu, amma wannan haddin jurewar ƙarfe ne, mai hankali ba ya kai kansa bakin haddi.

Bayan iska sai birki. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, mota na tsayawa, allo kuwa yana nan a kan niyyarsa ta tafiya gaba, kuma ƙasansa an shafa masa kaki musamman domin ya zame. Domin ku gane girman abin, ga ƙiyasi: duk abin da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a, in ya daki wani abu tsayayye, daidai yake da ya faɗo daga tsawon kusan mita 10, a gudun kilomita 100 kuwa, daidai yake da faɗowa daga kusan mita 39. Ku tuna kuma da ƙarfen nan mai kaifi da ya zagaye gefensa.

Yadda ake ɗorawa

Kafin komai, a share dusar ƙanƙara da ta taru a kan rufi, a kankare wadda ta daskare a kan robar mariƙai da jikin allon, domin ƙanƙara in ta shiga tsakanin roba da allo, za a ga kamar an matse, amma da ta narke ko ta farfashe sai rata ta bayyana. Sa'an nan a kama sandunan a girgiza su da ƙarfi. In suna kafe yadda ya kamata, motar ce za ta yi rawa, su ba za su motsa ba. A kwantar da bayan maɗauran ƙafa, a ɗaure maɓallansu, kada a bar wani abu yana reto.

Idan alluna biyu ne, sai a haɗa su ƙasa da ƙasa, santsi na fuskantar santsi, maɗauran ɗaya na kallon sama, na ɗayan na kallon rufi. Fa'idar haka biyu ce: wurin da allo ɗaya zai ci sai ya ɗauki biyu, kuma ƙasansu, wanda shi ne mafi saurin lalacewa, ya ɓuya daga ƙazantar hanya. Sharaɗi shi ne maɗauran da ke kallon ƙasa kada su taɓa rufi, a bar musu ratar da za ta ishe su ko da mota ta faɗa rami. Don haka ne wasu mariƙan aka yi su da abin ɗagawa. Muhimmin abu kuma shi ne a daidaita allon ta yadda maɗauran ƙafa za su zama waigi: ko dai su biyun su zauna tsakanin mariƙin gaba da na baya, ko kuwa mariƙan su zauna tsakaninsu, ta yadda in allon ya nemi zamewa gaba ko baya, maɗauri zai tokare shi. Matsin roba kaɗai abin dogaro ne mai rauni a ranar sanyi, lokacin da roba ke taurarewa.

Idan allo ɗaya ne tak, ma'abota wannan harka sun yi saɓani. Wasu suna cewa a kifa shi, maɗaura su kalli rufi, hujjarsu ita ce lanƙwasar bakinsa za ta kalli ƙasa, kuma maɗauran ba za su tare iska su yi ta kuka ba. Wasu kuma suna cewa a bar shi a daidai, domin kada maɗaura su goge fentin mota. Abin da na fi rinjayarwa shi ne ƙauli na farko in akwai rata, na biyu in babu ita. Kuma takardar masu ƙera kariyar, in ta yi magana a kai, ita ce ke yanke hukunci. Bayan an rufe mariƙi har an ji ƙarar kamawarsa, a kulle da mabuɗi, ko da ba a tsoron ɓarawo, domin kullen yana hana maɓallin buɗewa da kansa. Sa'an nan a kama allon a ja shi gaba, a ja shi baya, a ɗaga shi sama. A buɗe ƙofar but a hankali a gani ko za ta daki wutsiyarsa.

Wanda ba shi da mariƙai, sai sanduna kawai, ya halatta ya ɗaure allon a kansu bisa lalura, amma da igiya mai faɗi wadda ba ta miƙewa, ɗaya a kowane sanda, ta bi ta saman allon ta zagayo ƙarƙashin sandan a gefe biyu, a kuma naɗe ragowarta a ƙulle. Roba mai ƙugiya, wadda ake so saboda sauƙinta, ba ta isa ba ko kaɗan: tana miƙewa a daidai lokacin da ake son ta tsaya, sanyi na cin ƙarfinta, kuma kaifin allon na iya yanka ta. Igiya mai injin ɗaurewa kuma a yi hattara da ita, domin tana da ƙarfin da zai lanƙwasa allo ko ya lotsa sanda. Akwai wata 'yar dabara da direbobi suka sani: igiya mai faɗi in ta yi ta kuka cikin iska, a murɗa ta sau ɗaya a inda ba ta taɓa komai, sai ta yi shiru.

Gishiri da sanyi

Hukumomin hanya a ƙasashen sanyi suna watsa gishiri a kan kwalta domin ya hana ruwa daskarewa, tayoyin motoci kuma su mai da shi feshi ya cika iska. Feshin nan yana sauka a kan allon, ya sa ƙarfen gefensa da notocinsa su yi tsatsa, wani lokaci cikin dare ɗaya. Magani shi ne da an isa a sauke allon, a goge shi da tsumma ya bushe, kada a bar shi ya kwana a saman mota. Wasu sukan sa shi cikin jaka, amma jaka mai sako-sako tana kama iska, tana kuma hana roba cizon allon. In za a sa, to ta zama matsattsiya. Akwatin rufi ya fi komai maganin wannan, illa dai yana da tsada, kuma wajibi ne a ɗaure allunan a cikinsa da igiyoyin da aka tanada, in ba haka ba birki ɗaya zai sa su tunkuyi gabansa. Ramin mabuɗi shi ma yakan daskare, saboda haka a ɗiga masa mai tun kafin hunturu.

A kan hanya

Bayan tafiyar 'yan kilomitoci a tsaya a sake jan allunan, domin girgiza tana zaunar da kaya ta sassauta ɗauri. Haka kuma a kowace tsayawa. Mota mai kaya a sama ta fi karkata a kwana, ta fi jin iskar gefe a kan gada ko a bakin fita daga ramin da aka haƙa cikin dutse, hanyoyin tsauni kuwa kwana ne bisa kwana a kan santsi, saboda haka a sassauta gudu tun kafin kwanar, a ƙara rata tsakani da na gaba. A auna tsawon motar da kayanta a rubuta a takarda a manna inda ido zai gani, domin rumfunan ajiye motoci da yawa ba su wuce mita biyu ba ko ɗan sama da haka, kuma mai gajiya bayan wuni a kan tsauni yakan manta da abin da ke bisa kansa.

Mai ma yana da nasa haƙƙin. Hukumomin Amurka sun ƙiyasta cewa babban akwatin rufi yana rage tazarar da mai ke kai mota da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun manyan hanyoyi. Wani bincike kuma da aka fitar a 2016, wanda wani masani na cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley ya yi da abokin aikinsa, ya nuna kariyoyin rufi sun ci kimanin galan miliyan 100 na fetur a ƙasar a 2015, kuma wani kaso na wannan kariyoyi ne da ke yawo babu komai a kansu. Barin kariya a kan mota bayan hunturu ya wuce almubazzaranci ne.

Haƙƙin wanda ke bayanka

Allon da ya kuɓuce, mai shi ya yi asarar kuɗi ne kawai, wanda ke biye da shi ne ke biya da jikinsa. Gidauniyar AAA mai binciken lafiyar hanya a Amurka ta ba da rahoto a 2016 cewa tsakanin 2011 da 2014 tarkacen kan hanya ya shiga cikin haɗura fiye da 200,000, inda kimanin mutum 39,000 suka jikkata, fiye da 500 suka rasu. Kusan kashi biyu cikin uku na haɗuran daga abin da ya faɗo daga mota ne, ko don rashin ɗauri ko don rashin gyara, kuma fiye da sulusin waɗanda suka rasu, kaucewa direba ya yi don kada ya taka abin, motar ta ƙwace. Ke nan ba sai allon ya daki kowa ba kafin ya yi kisa. A jihar Washington, a shekarar 2004, wani katako ya faɗo daga tirelar da wata mota ke ja, ya fasa gilashin motar wata budurwa ya makantar da ita. Shekara guda bayan haka majalisar jihar ta kafa dokar da ake kira Dokar Maria, da sunan budurwar, wadda ta mai da sakacin ɗaurin kaya laifin da ke iya kai mutum kurkuku idan ya jikkata wani. A Jamus, sashe na 22 na dokar hanya ya wajabta a ɗaure kaya ta yadda ba za su zame ko su faɗo ba ko da an taka birki na gaggawa ko an kauce farat ɗaya. Ku lura, ma'aunin da dokar ta ɗauka shi ne mafi munin lokacin tafiya. Wanda ya karanci fiƙihu a cikinku ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malaman Malikiyya tun da daɗewa sun ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a kan mahayinta da mai janta da mai korarta, saboda ragamar tana hannunsu. Ragamar kayan rufi tana hannun direba, ko da wani ne ya ɗaure masa, don haka shi ya kamata ya zama na ƙarshen jan igiya kafin a tashi.

Aikin yi

Wata mota haddin rufinta kilo 75 ne, na kariyarta kuma kilo 60. Sandunan kilo 6 ne, akwatin rufin kilo 17, an zuba alluna uku masu kilo 5 kowanne. Idan haddin kariyar ya shafi abin da aka ɗora a kan sandunan ne, kilo nawa ya rage da za a iya ƙarawa, kuma wane haddi ne ya yanke hukunci?

Direba ya tashi daga gudun kilomita 40 zuwa 120 a sa'a. Sau nawa turin iska a kan kayansa ya ninka?

Ku je tashar mota mafi kusa da ku, ku dubi motoci uku da aka ɗora wa kaya a sama. Ku rubuta da me aka ɗaure kowanne, ta ina iska za ta shiga ƙarƙashinsa, kuma me zai tokare shi in an taka birki da ƙarfi. Ku zo da abin da kuka rubuta ranar darasi mai zuwa.